Tulun Lemon Tsami a Shekarar Baƙon Dauro

Azumin farko bayan an sauke tutar Turawa, baƙon dauro ya shigo ƙauyenmu, kusa da Illo. A lokacin ina da itacen lemon tsami guda biyu a bakin rijiya, ni nake ba su ruwa duk rani. Kullum bayan la'asar nakan tsinko waɗanda suka fara rawaya, in murza su a kan turmi su yi laushi, in yanka, in matse a ƙwarya. In tace 'ya'yan da farin ƙyalle, in zuba dakakkiyar citta da sukarin da 'yan kasuwa ke tsallakowa da shi daga Dahomey. Sai in juye a tulu, in lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Kafin a kira magariba ya yi sanyi har haƙori.

'Yata ƙarama ita ke fara sha kullum, ko da ba ta azumi. Ita ma ciwon ya fara kwantarwa a gidanmu. Jikinta ya yi zafi, leɓenta ya tsage. Daga ɗaki tana jin ƙamshin lemon da nake yankawa.

"Baba, ɗan kaɗan," ta ce.

Na ɗebo a ludayi. Inna, mahaifiyata, ta tare ni a bakin ƙofa.

"Ina za ka da wanga? Baƙo na ɗaki, kai kuma ka kawo mishi tsami da sanyi? In ta sha, ƙurajen ciki za su koma. So kake ka kashe min jika?"

"Inna, maƙoshinta ya bushe."

"Ni na raine ku bakwai. Mai da shi."

Haka kowa ya sani a garin, ba Inna kaɗai ba. Na mayar. Ruwan ɗumi ma sai a cokali ake ɗiga mata. Na daina yanka lemon a gida don kada ta ji, amma ba ta daina roƙo ba, har muryarta ta dushe. Yayanta da ciwon ya kwantar bayan ita shi ko roƙon bai yi ba.

Kafin sallah mun kai uku maƙabarta daga gidanmu: 'yata, yayanta, da jaririn ƙanena.