Rumfar Jirgin Malam da Ta Yi Saiwa

Me ya shiga kan Malam ranar da ya sayar da shanun huɗarmu ya sayo jirgin ruwa, shi da ko kududdufin bayan gari bai taɓa shiga ya wuce gwiwa ba? Na tambaye shi yana da rai, dariya kawai ya yi. Yanzu ya rasu, na fita takaba, ina ta tambaya ba mai ba ni amsa. Ni ban san baƙi ba, ɗiyar ƙanwata ce ke rubuta wannan. Na ce mata in ta ga ina kuka kada ta ajiye biro, in ta ga ina dariya ma haka, don zancen mutumin nan ba ya fitowa sai da su duka biyun.

Mu mutanen Barkiya ne, manoman gero da dawa tun kakanni. Wani rani Malam ya tafi dam ɗin Zobe aikin tumatir, ya dawo ba ya zancen komai sai ruwa. Ana cin tuwo ruwa, ana zaman makoki ruwa. Kafin in ankara ya bar wa ƙanensa gona, ya ɗora ni da yara da kaji a mota, muka tare a wani ƙauye kusa da dam. 'Yan'uwansa suka raka mu bakin hanya suna cewa kada mu rufe ɗaki da kwaɗo, ai kafin gero ya fitar da kai mun dawo. Wannan maganar ta tsaya masa a maƙogwaro. Ya ce mini, "Ke, ko kifi ɗaya ban kama ba, ba zan koma su yi mini dariya a ƙofar gidan ubana ba."

Jirgin na katako ne, tsoho, an sha yi masa faci da kwalta. Da ya gan shi kwance cikin rana sai tausayi ya kama shi. Ya ce jaki ma ana yi masa inuwa. Masunta suna da rumfunansu a bakin ruwa, inda suke rataye komar kamun kifi su tura jirage don kada rana ta tsattsaga katako. Amma ba a kafawa sai an je wurin Sarkin Ruwa, dattijon da ke shugabantar masunta, shi ke nuna wa kowa wurinsa. Ina bayan Malam ɗauke da goron gaisuwa, na ji abin da ya ce da kunnena.

"Ɗan tudu, saurara da kyau. Bakin ruwan nan aro muke yi. Ba bulo, ba siminti, sai dirka da zana, abin da za a tuge a ɗauke duk ranar da masu dam suka ce a tashi. Ka ga baƙin layin can a jikin duwatsu? Nan ruwa ke kaiwa da damina, kada ka kafa ƙasa da shi. Kada ka tare wa shanu hanyar mashaya. Wanda ya saɓa sau uku, ya ɗauki jirginsa ya nemi wani ruwan."

Malam na ta cewa "To, ranka ya daɗe," amma ni na san shi. Idonsa na kan ruwa, kunnensa ma yana can.

Lokacin bazara ne, ruwa ya ja baya sosai. Baƙin layin nan yana can sama, nesa da ruwan. Malam ya duba ya ce wa zai riƙa jan jirgi har can kamar mai kai taki gona? Ya kafa rumfarsa dab da ruwa. Ni na riƙe masa dirkoki. Kuma wallahi ta yi kyau, don hannun manomi ne, ɗaurin nan kamar na rumbu. Masunta suka kai ƙara, Sarkin Ruwa ya ce a bar shi, akwai mai hukuncin da ke tafe.

Damina ta sauka. Wata safiya bayan an kwana biyu ana zuba ruwa, muka fito muka ga jirgi na nan a ɗaure, rumfa ba ta nan. Can tsakiyar ruwa sai ga rufinta yana tafiya a hankali, kuma a kansa kazata ce zaune. Ashe ta yi ƙwai a cikin ciyawar rufin, ta ƙi tashi. Na ɗora hannu a ka na ce, "Malam, kazata!" Ya faɗa jirgi ya ɗauki filafili. To, bai gama koyon tuƙi ba. Ya tuƙa ta dama jirgi ya juya, ya tuƙa ta hagu ya sake juyawa, yana ta zagaye wuri ɗaya kamar akuya a turke. Masunta suka cika gaɓa, wani har ya kwanta ƙasa don dariya.

"Ɗan tudu, ba huɗa ake yi ba, daina juyawa!"

"Ku bar shi, kazar ta riga shi tafiya Makka ta ruwa!"

Ina kuka ina dariya har zanena ya nemi kwancewa. Masunta biyu suka je suka jawo rufin, kaza na kai, ƙwai ko ɗaya bai fashe ba. Daga ranar matan unguwa ba su ƙara kiranta kaza ba sai Hajiya, kuma da ta ƙyanƙyashe kowa so take a ba ta irin, wai masu albarka ne. Sarkin Ruwa ya ɗaga wa Malam yatsa ɗaya, laifi na farko ke nan.

Rumfa ta biyu ya kai ta can sama, ya ce yanzu ruwa ya zo mu gani. Ya samu wani fili sumul, ba ƙaya ba dutse, yana mamakin yadda masunta suka bar wuri mai kyau haka. Bai tambayi abin da ya share filin ba. Kuma da yake bayan kaka ne, zana ta yi tsada, sai ya rufe ta da karan dawa da harawar wake. Da azahar garken Fulani ya gangaro shan ruwa. Kafin a je a kira Malam, shanu sun cinye rufin tas, saura dirkoki tsaye tsirara. Makiyayin ya jingina da sandarsa ya ce, "Malam, Allah ya saka da alheri. Gobe ma za a yi?"

Ni ranar ban yi dariya da ƙarfi ba, don na ga Sarkin Ruwa ya ɗaga yatsa biyu. Saura ɗaya mu koma Barkiya ba shanu ba gona.

Malam ya yi sanyi. Ya je ya durƙusa ya ce a nuna masa wuri da sanda, ba zai matsa ko taki ɗaya ba. Aka nuna masa, sama da layi, nesa da hanyar shanu. Ya sayi zana mai kyau. Dirkoki kuwa, an yi sassabe a wata cediya a ƙofar masallaci, ya roƙi rassan, masu kauri, ɗanyu shar. Ya kafa su a ƙasa mai laima. Muka yi hamdala. Ya fara kama kifi, ni ina soyawa ina kaiwa kasuwar Dutsin-Ma.

Wata damina ta zagayo, na kai masa fura, sai na ga wani abu kore a jikin dirka. Na ce, "Malam, rumfarka na fitar da ganye." Ya duba, ya yi murna, har ya kira mutane su gani. Kiran nan ne ya jawo mana. Wani masunci da ya daɗe yana son wurin ya girgiza dirkar, ta ƙi motsi. Ta yi saiwa. Ya tafi kai tsaye ya ce ɗan tudu ya kafa abin da ba ya tuguwa, laifi na uku ke nan.

Ranar shari'ar ko abinci ban ɗora ba. Har na fara ɗaure tukwane a zane. Sarkin Ruwa ya zo da tsakar rana, jama'a na bayansa, ya shiga rumfar ya zauna a gefen jirgi. Ya daɗe yana kallon ganyen.

"Ɗan tudu, ka san za ta tsiro?"

"Ranka ya daɗe, a garinmu in dirka ta kama ƙasa sadaka ake yi. Ban san a nan laifi ba ne."

Jama'a suka fashe da dariya, shi bai yi ba. Ya juya wurin mai ƙara ya ce, "Na ce ba bulo, ba siminti. Ka ga bulo?" Ya ce a'a. "Ka ga siminti?" Ya ce a'a. "Dirka ya kafa kamar kowa. Wanda ya sa mata ganye, in kana da hanyar kai ƙararsa ka kai, ni sarautata ba ta kai can ba." Sannan ya ce wa Malam itatuwan ba nasa ba ne, duk mai son inuwa ya zo ya zauna, amma wurin jirgi nasa ne muddin yana da rai.

Na rangaɗa guɗa a gaban maza, ban ma san na yi ba. Malam ya kama hannun mai ƙarar yana ta yi masa godiya, mutumin ya rasa inda zai sa kansa.

Shekaru suka yi ta wucewa. Cediyoyin suka yi kauri har mutum ba ya iya rungumarsu, rassansu suka haɗe a sama, muka daina sayen zana. Nan ake gyaran koma, nan ake cinikin kifi, nan masu babur ke jiran fasinja. Ƙanen Malam da ya ce kada mu sa kwaɗo, nan yake barcin rana in ya kawo ziyara. Tsohon Sarkin Ruwa ya rasu, ɗansa ya gaje shi, amma ɗan tudu bai bar bakin kowa ba har Malam ya yi furfura.

Bara ciwo ya kwantar da shi. Muka je asibiti a Dutsin-Ma muka dawo, jiki ya ƙi. A lokacin ne matan masunta suka gaya mini yadda ake yi: wurin rumfa ba a gadonsa. In mai jirgi ya rasu kuma ba ɗansa a ruwa, sai a tara samari su tuge dirkokinsa a ba wani wurin. Mu kuwa 'ya'yanmu ba wanda ya bi ruwa. Na ɓoye abin a raina, amma wata hantsi ina ba shi kunu hawaye ya ɗiga a ludayi. Ya tambaye ni, na faɗa masa. Na ce duk wahalar da muka sha, za a share wurin kamar ba a taɓa yinka ba.

Ya lumshe ido har na ɗauka barci ne. Sai na ga kafaɗarsa na rawa. Dariya yake yi, ba murya, ƙirjinsa na ƙugi. Magana ɗaya kawai ya ƙara yi mini, daga ita sai kalmar shahada da limami ya ji a bakinsa da la'asar kafin ya cika. A hantsin nan ne ya kamo bakin mayafina, ya jawo ni kusa ya ce:

"Ki bar kuka, 'yar Barkiya. Ranar da samarin suka zo tugewa, ki ɗauki tabarma ki je ki zauna ki kalla. Ki yi dariyar har da rabona."