Ampilina Mai Baki Huɗu

Ni makanike ne. A Tanout na yi yawancin rayuwata, a wani gareji da ke bakin hanyar da ta taso daga Damagaram ta nufi Agadas. Duk motar da rairayi ya galabaitar, wurina take yada zango. Cikin masu kawo mini aiki a wancan zamani akwai wani nasara mai haƙa rijiyoyin foraj, wato burtsatse, yana yawo tsakanin Tarka da Tenhya da wata tsohuwar motar daji mai yawan tari. Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da zagin mota ba, faransancina kuwa na sunayen ƙarafa ne, amma mun fahimci juna ƙwarai.

Da aikinsu ya ƙare zai koma ƙasarsu, sai ya kira ni gidansa. A nan na ga abin kiɗansa da kyau, don a da ta taga kawai nake jin sautinsa. Akwatin ƙarfe ne mai fuska kamar azurfa, maɓallai jere, da gilashi mai kawo koren haske in an kunna. Ampili ake ce masa. Yana tare da lasifika huɗu manya, da abin juya faifai, da abin sa kaset. Nasaran ya ce nauyinsu ya fi ƙarfin jirgin sama, kuma ba ya son su faɗa hannun wanda zai wulaƙanta su. Muka daidaita. Kafin in ɗauka ya zaunar da ni a tsakiyar ɗaki, ya nuna gaba da yatsu biyu, ya nuna baya da yatsu biyu, ya dafa kaina. Na gane: biyu a gaba, biyu a baya, mai saurare a tsakiya.

A amalanken jaki na ɗauko su, na naɗe kowanne da bargo. Da gangan na bi ta bakin kasuwa, ina tafe a gefe hannuna kan kayan. Duk wanda ya tambaya mene ne, sai in ce, "Za ka ji."

Matata ce ta fara tare ni a ƙofar gida.

"Maigida, rediyon da muke da shi me ya yi maka?"

"Wannan ba rediyo ba ne, ampili ne."

"To a ina zai kwana?"

Na kalli ɗakinta, don shi ne mafi faɗi a gidan. Ta bi idona, ta ga inda ya sauka, daidai kan jeren kwanukanta. Ta je ta tsaya a bakin ƙofar ta riƙe ƙugu. Na san magana ta ƙare.

Haka aka yi na gina masa ɗakinsa na kansa, na ƙasa, tsawo da faɗi ɗaya, na auna da igiya. A kowace kusurwa na ɗaga ɗan dakali don lasifika. Sai matsalar wuta. Unguwarmu ba ta da kuran, wato lantarki, a lokacin, sai dai gurup, janareton da nake walda da shi, shi kuwa in ya tashi ko kiran salla ba ka ji. Na kai shi can bayan gareji, na kewaye shi da katanga, na ja doguwar waya na binne ta cikin ƙasa har zuwa ɗakin. Maƙwabta suna kallo suna cewa makanike ya samu sabon uban gida.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na gwada shi. A cikin fayafayan da nasaran ya bar mini akwai wani wanda ba kiɗa ba ne, ƙarar jirgin ƙasa ce kawai, an yi shi don gwajin lasifika. Na shimfiɗa tabarma a tsakiya, na roƙi matata ta zauna. Ta zo tana goye da jaririyarmu, fuska a murtuke. Ita ba ta taɓa ganin jirgin ƙasa ba. Ni ma sau ɗaya na gan shi a Kano.

Ƙarar ta taso daga nesa, ta kusurwar hagu. Ta yi ta matsowa har ƙasa ta fara rawa, ta ratsa gabanmu, ta kewayo ta bayan ƙeya da wani irin kuka mai tsawo. Matata ta tattare ƙafafunta, ta duƙe ta kare goyonta da hannu biyu tana salati. Da ƙarar ta ɓace ta kusurwar da ta fito, sai ɗakin ya yi tsit. Ta ɗago a hankali ta waiga bayanta, ba kowa sai bango.

"Ya wuce?"

"Ya wuce."

Ta fashe da dariya har da hawaye. "Maido shi."

Tun daga ranar ta zama mai tsaronsa. Ita ta ɗinka masa mayafi da zaren ado, ita ke share ɗakin, kuma ko ƙanina bai isa ya taɓa maɓalli ba in ba na nan.

Labari ya bazu. Direbobin manyan motoci suka riƙa kawo mini kaset daga Kano, na ganga da goge da garaya. Malaman lakwal, wato makarantar boko, suka zo, jandarmomi suka zo, makiyaya masu rawani da suka kawo dabba kasuwa suka zo suna cire takalmi a bakin ƙofa. Ba na ɗibar mutane da yawa. In ɗakin ya cika, na gefe ba ya jin abin da na tsakiya ke ji, sai in sa su yi layi. Na koyi halinsa kamar yadda nake koyon halin inji. Ba ya son zafi, don haka da bazara sai bayan la'asar nake kunna shi. Fayafai kuwa rana ta lanƙwasa mini wasu kamar ƙosai kafin in gane in riƙa ajiye su kusa da randa, inda ƙasa ke da sanyi.

Wata rana wani alhaji mai fataucin shanu daga Belbédji ya zo da kansa. Ɗansa zai yi aure, yana son a ji kiɗan ampilina a wurin bikin. Na ce masa abin na ɗaki ne.

"Haba malam," in ji shi, "abin da ke girgiza bango zai kasa fili? Kada ka ba ni kunya, na riga na gaya wa mutane."

Dattijo ne, ya taka har ƙofata, ban iya cewa a'a ba. Muka loda kaya a motarsa, shi kuma ya ce yana da gurup ɗinsa.

A filin bikin na jera lasifikan a kusurwa huɗu kamar yadda na saba. Na kunna. Sautin da ke cika ɗakina ya fita fili ya watse, iska ta kwashe shi. Na tsakiya kaɗai ke jin wani abu, su ma guɗar mata ta danne. Na ji wani yana cewa lasifikar mai tallar magani a kasuwa ta fi wannan murya. Samari suka yi ta ihu, "A ƙara! A ƙara!" Na murɗa har inda ban taɓa kai shi ba. Can sai gurup ɗin alhaji ya yi wata irin zabura, koren hasken ya ɗauke, hancina ya shaƙi ƙauri. Makaɗa suka karɓi fili, biki ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. Ni kuwa na dawo Tanout rungume da ampilin a kan cinyata.

Mutanen gari ba su bar ni ba. In na wuce majalisa sai wani ya ɗaga murya: "Makanike, ina jirgin? Ko ya yi faci?"

Ni injin mota na sani, ban taɓa buɗe cikin rediyo ba. Amma na ce abin da ɗan Adam ya haɗa da hannu, hannu ke gyara shi. Na shimfiɗa farin zane, na kwance murfin, na jera kusoshin yadda na cire su. Ciki kamar gari ne, da tituna da gidaje ƙanana. Na yi kwanaki ina kallo kawai, ba na taɓawa. Daga baya na bi ƙaurin da hanci har na isa wani ɗan baƙin abu mai ƙafa uku da ya kumbura, allon da ke ƙarƙashinsa ya yi baƙi. Kusa da shi wani ɗan gilashi ya tsinke a ciki. Na cire su biyun na ƙulle a tsumma, na ba wani direba aminina. A Damagaram bai samu ba, sai da ya kai Kano.

Ranar da ya kawo su na gasa ƙarfen liƙi a garwashi, na riƙe numfashina na ɗiga dalma. Na mayar da murfi, na tayar da gurup, na dawo na danna. Koren hasken ya kawo. Matata da ke tsaye a bakin ƙofa ta rangaɗa guɗa, har maƙwabta suka leƙo suna tambaya ko haihuwa aka yi. Na sa kaset ɗin ganga, na buɗe ƙofa da gangan don ƴan majalisa su ji. Tun daga nan na kafa doka: ampili ba ya fita, mai son ji ya zo.

Sai shekarun fari suka shigo. Gero ya ƙi, dabbobi suka faɗi, samarin ƙasarmu ta Damargu suka bazama neman abinci, wasu Arlit, wasu Libiya. Yawancinsu ba sa rubutu, sai su yi magana a kaset su ba direba ya kawo gida. Matan da aka bari suka fara zuwa wurina da kaset ƙulle a bakin zane. Kiɗa ya ragu a ɗakin, muryoyi suka ƙaru. Ni dai in sa kaset, in daidaita sauti, in fita in ja ƙofa, matata ta zauna da su. Maganar miji da mata ba ta kunnena ba ce.

A cikin wannan hali ne innata ta iso daga Olléléwa a motar kasuwa, ba sanarwa. Ta rame. Autanmu yana Libiya, ya aiko da kaset, an sa mata a wani ɗan rediyo na ƙauye mai mataccen batir. Muryar ta fito tana jan ƙafa, a shaƙe, kamar ta mai jinya. Tun ranar, in ji wadda ta rako ta, ba ta cin abincin kirki.

Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana, ba ta ma cika kallona ba. Ta miƙa wa matata kaset ɗin ta ce, "Ki ba shi ya sa mini. In yaron nan ba shi da lafiya, gara in sani."

Na shimfiɗa mata buzu a tsakiya. Zan fita, ta ce in tsaya.

Muryar autan ta cika ɗakin, garau, kamar yana zaune tare da mu. Ya yi sallama. Inna ta amsa da ƙarfi. Ya tambayi lafiyarta, ta ce, "Lafiya lau, ɗan nan, sai kewarka." Ya tambayi ƴar akuyarta, ta ba shi labarin akuyar, shi yana tasa maganar ita tana tata. Can sai ta ɗaga hannu ta karkata kai wajen lasifikar baya.

"Tsaya. Mayar da wurin nan."

Na mayar. A bayan muryarsa, can ƙasa-ƙasa, ana jin ƙarar cokali a ƙaramin kofin shayi, da wani yana dariya, da wani yana cewa da Hausarmu, "Gaishe mini da ita." A ƙaramin rediyon ba wanda ya ji wannan.

"Ba shi kaɗai ba ne," in ji ta. "Yana cikin mutanenmu." Ta sake saurarawa, idonta a rufe. "Lafiyarsa lau. Har ƙiba ya yi."

"Inna, ƙiba kuma? Ta yaya kika gane?"

"Ni na haife shi," ta faɗa, ba tare da ta juyo ba.

Ta sa na maimaita kaset ɗin har rana ta yi sanyi. Sannan ta miƙe ƙafafu ta ce ko akwai fura a gidan nan. Matata ta ruga ta damo mata, ta shanye ƙwaryar tas, ta goge baki da gefen mayafi. Ina duƙe ina rufe ampilin da mayafinsa, na ji tana yi wa matata magana ƙasa-ƙasa, wai don kada in ji.

"Mijin nan naki," ta ce, "hannunsa na da albarka."

Na yi kamar ban ji ba. Na fita in kashe gurup, na daɗe tsaye a bayan katanga kafin in iya dawowa cikin gida da fuskar da ta dace da babba.