Ƙusar Baban Kwamiti

A cibiyar binciken ba wanda ke tuna cewa Baban Kwamiti masanin ƙwari ne. Shi kansa sai ya nutsu yake tunawa. Ya zo yana saurayi, da kwalabensa cike da ƙwarin da ke cinye hatsi a sito, da niyyar ganin bayansu. Ƙwarin dai suna nan lafiya lau, har da tattaɓa-kunne.

Abin da ya cuce shi, ya iya zaman taro. Ba ya gyangyaɗi, ba ya duba agogo. Masu ba da tallafi kuwa ba sa buɗe hannu sai sun ga kwamiti, don haka duk wanda aka kafa sai darakta ya ce, "A sa mutumin nan." Har aka kai shi kwamitin lambar yabo ta shekara. A zamansa na farko, da zafin ƙuruciya, ya buga tebur ya ce kada a taɓa ba ɗan kwamiti lambar, don gudun son kai. Aka tafa masa, aka mai da maganar doka. Yakan ce duk cikin ayyukansa ita kaɗai ta yi tasiri.

Shekara da shekaru shi ke riƙe faranti a wajen bikin, darakta ya ɗauki lamba ya miƙa wa wani. A hotunan da ke zauren taro hannunsa kawai ke fitowa, wani lokaci da kunne ɗaya.

Amma yana son lambar nan, so na gaske, har kunyar kansa yake ji. Da ritaya ta ƙarato sai ya sauka daga kwamitin, wai ciwon baya. Ya koma gida ya kafa ƙusa a bangon falo.

"Ta mece ce wannan?" in ji matarsa.

"Ke dai bari. Bangon ne ya yi fili da yawa."

"To, Allah ya cike filin."

Ranar bikin ya zauna a layin gaba, hannu babu faranti, bai ma san inda zai ajiye shi ba. Darakta ya gyara murya.

"Akwai wani bawan Allah da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kanmu."

Baban Kwamiti ya fara gyara kwat.

"Mun ga lamba ɗaya ta yi masa kaɗan. Daga yau shi ne shugaban kwamitin lambar yabo, har ƙarshen ransa!"

Zaure ya ɗauki tafi. Shi ma ya tafa, don ya fi kowa sanin dokar. Sakatariya ta matso da faranti tana murmushi.

"Baba, tunda ka dawo…"

Ya karɓa.

Da ya shiga gida matarsa ta dubi hannunsa. Ta karɓi lemarsa ta rataye a ƙusar.

Ya daɗe yana kallon lemar.

"Ta zauna daidai," in ji shi. "Dama ita na auna."