Sunan da uwata ta kasa faɗa a gaban alƙali

A shekarun farko bayan an ba mu mulkin kai, ni saurayi ne tela a Zongo, da kekena na ɗinki a bakin shagon wani ɗan garinmu. Daga Damagaram na zo Yamai, kuma Allah ya sa hannuna ya karɓu wajen ma'aikatan gwamnati masu son riguna irin na zamani. Ina da baki, ina da zuciya, ba a taka ni in ƙyale. Yau na tsufa, idona ba ya ganin kafar allura, sai na ga gara in ba masu karatun wannan mujalla labarina, ko wani ya tsira da abin da ni ban tsira da shi ba.

Bayan rasuwar mahaifinmu na ɗauko uwata, na kama mata ɗaki a Yantala kusa da masu lambu, tana sayar da dambu. Ni ne ɗanta na fari, kuma duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da wannan ke nufi. Kakata ce ta raine ni. Uwata ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallona ido cikin ido, ba ta yabona a gaban kowa. In za ta yi zancena sai ta ce ɗan tsohuwa, ko yaron nan. In na je gaishe ta, takan juya gefe ta amsa kamar da bango take magana, amma kafin in tashi ƙwaryar dambu mai zogale na gabana, da man da ba ta sa wa masu saye. Ban taɓa jin haushin haka ba. Kunya ce, kuma a wurinmu ado ce.

Akwai wani gardi, dogarin gwamnati, da ke zagaya kasuwa, kullum sai ya ce kekena ya tare hanya. Wata rana muka yi cacar baki a gaban jama'a, ni kuma da bakin nan nawa na ce masa wata rana sai na yanke masa wando da almakashi. Mutane suka yi dariya, na ji daɗi. Ba a jima ba, ranar da na tafi Yantala gyara wa uwata zanar da iska ta kayar, wani ya soki gardin nan ta baya da almakashi a lungun kasuwa. Bai mutu ba, amma hannunsa ya shanye. Da ya farfaɗo a gidan likita aka tambaye shi wa yake zato, ya ce tela. Jandarmomi suka zo suka ɗauke ni a kan kekena, rigar wani na rabin ɗinki. Da yake ma'aikacin gwamnati aka taɓa yana bakin aiki, aka ce ba faɗan kasuwa ba ne, ƙasa aka taɓa, sai babbar kotu.

Aka ba ni lauya, matashi ne da bai daɗe da dawowa daga karatu a waje ba, mutumin kirki, Allah ya saka masa. Ya same ni a gidan kaso ya tambaye ni wa ya gan ni a Yantala ranar. Na ce maƙwabta duk suna lambu, uwata kaɗai ce a gida. Ya yi murna, ya ce ai shi ke nan, za ta tsaya ta ce ni ɗanta ne, ta faɗi sunana, ta ce tun hantsi har la'asar muna tare. A nan ya kamata in buɗe baki in gaya masa cewa ni ɗan fari ne, a nemo wata dabara, ko a sa wata dattijuwa ta zauna da ita tukuna. Wallahi maganar ta zo mini har maƙogwaro. Amma na dubi kwat ɗinsa da takalminsa, na ji nauyin ya ɗauke mu ƙauyawa, na ce masa to. Na kuma ce a raina, ai in wuya ta yi wuya, uwa ba za ta tsaya kunya ba.

Ranar shari'a aka shigo da ita, ta lulluɓe da zanenta na zuwa biki. Ba ta taɓa shiga ɗaki mai benci ba, ga maza cike, ga alƙali Bature cikin waɗanda ba su riga sun koma gida ba, ga tafinta a tsaye. Aka ce ta faɗi sunan wanda ake tuhuma. Ta sunkuyar da kai. Aka sake tambaya, ta ce yaron gidansu ne. Aka ce ta dube ni ta nuna ni da hannu, sai ta ja zane ta rufe fuska. Lauyana ya miƙe. Don ya taimake ta, ya tambaye ta ko ni yaron kirki ne. Wayyo, da ya san abin da ya yi. Wace uwa ce za ta yabi ɗan fari a gaban taro? Da murya ƙasa-ƙasa ta ce:

“Yaro dai sai addu'a, ba a raba shi da rashin ji.”

Tafinta Bahaushe ne, na ga ya runtse ido, amma aikinsa ya juya abin da aka faɗa, ya juya. Daga baya ta ce lalle ranar an gyara mata zana, sai dai mai gabatar da ƙara ya riga ya samu abin da yake so. Ya miƙe ya ce ga mace ta ƙi kiran sunan mutum, ta ƙi kallonsa, da bakinta ta ce ba ya ji, to wane ne ya gyara zanar? Aka yanke mini shekaru masu yawa.

Kafin a ɗauke mu, ni da wasu fursunoni, zuwa wani kaso can arewa, kullum uwata tana tahowa a ƙasa daga Yantala da ƙwaryar dambu. Ni kuwa zuciya ta ci ni. Nakan ce wa mai gadi ya mayar mata, ya gaya mata wanda ba ta san sunansa ba ba ya cin abincinta. Yakan ce in ji tsoron Allah, tsohuwar na zaune a rana. Ban fita ba ko sau ɗaya. Ranar da kamyo, babbar motar nan, ya fito da mu na hango ta a gindin bango, ƙwarya a cinya, na kau da kai. Ganina da ita na ƙarshe ke nan.

Da aka yi mana afuwa na dawo Yamai, kaina ya fara furfura, na nufi Yantala da kalmomin ban haƙuri cike da baki. Na tarar da wasu a ɗakin. Maƙwabciyarta, wata Bazabarma mai lambun albasa, ta zaunar da ni ta ce uwata ta rasu da daɗewa. Ta ce bayan tafiyata uwata takan rufe ƙofa tana koyon faɗin sunana, da farko a hankali, har ta iya ɗaga murya. Sannan ta riƙa zuwa ƙofar gidan shari'a tana gaya wa duk mai kaki da ta gani cewa yanzu ta iya, a mayar da ita gaban alƙali. Suna korarta, tana komawa. Matar ta share hawaye ta ce da ni:

“Duk unguwar nan mun san sunanka, daga bakinta muka ji shi.”

Kowa a Yantala ya ji, ban da ni. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, an kira ni da sunan nan a masallaci da kasuwa, amma har gobe ina kwatanta yadda zai fito da muryarta, ba na samu. Ina kewarta, kewar da tsufa bai rage ba.

Shawarata ga duk wanda ƙaddarar shari'a ta faɗa wa: kada ka ɓoye wa mai kare ka komai don jin nauyi, ko al'adar gidanku ce da kake ganin za a yi wa dariya, domin shi da abin da ka ba shi yake yaƙi. Ku matasa, ku riƙe harshenku, barazanar wasa ma shaida ce ranar da abu ya faru. Wanda kuma uwarsa ke raye, ko me ta yi maka, in ta aiko da abinci ka karɓa ka ci. Ni na mayar da nawa, kuma ba a sake kawo mini ba.