Dattijon da Yake Tsoron Farkawa

Na daɗe ina aikin ba marasa lafiya maganin barci a ɗakin tiyata, a wani asibiti da ke tsallaken kogi. Yawancin waɗanda nake kwantarwa tambayarsu ɗaya ce: "Sista, zan tashi kuwa?" Amma akwai wani dattijo daga Kakau da farkawar ce take ba shi tsoro.

Tsohon ma'aikacin masaƙa ne, ya koma noma bayan an rufe masaƙun. An taɓa yi masa aikin ciki a wani wuri, ɗinkin bai kama da kyau ba, wurin ya kumburo har ya hana shi sunkuyawa a gona. Ana gobe za a sake yi masa aiki na je ɗakin maza in duba shi. Na same shi zaune a bakin gado, matarsa tana ɓare masa lemo.

Muna gama gaisawa ya ce, "'Yata, ki faɗa wa likita a ɗaure ni. Hannu da ƙafa."

Na tambaye shi dalili, ya sunkuyar da kai. Matarsa ce ta ba ni labari. A aikin farko, yana fara farkawa ya fizge robar ƙarin ruwa, ya ture wata nas, ya dinga kokawar sauka daga gado yana zage-zage da yarensu. Shi bai tuna komai ba, ba shi labari aka yi. Kuma a cikin ma'aikatan akwai 'yar cocinsu, shi kuwa dattijon coci ne. Tun daga lokacin yake kauce wa yarinyar a bakin ƙofa ranar Lahadi.

Na ce, "Baba, ba halinka ba ne. Jikin mutum yakan riga hankalinsa tashi daga maganin. Ya ji ciwo, ya ji abu a maƙogwaro, ga sanyi, ga baƙin muryoyi, dole ya nemi gudu. Idan aka ɗaure shi kuma, firgicin ƙaruwa yake yi. Ba zan ɗaure ka ba."

"To, idan na bugi wani fa?"

"Ka bar mini wannan. Aikina ne."

Ina magana na lura yana juyo mini da gefen hagu. Ashe ƙarar injinan saƙa ta kashe masa kunnen dama tuntuni, bai kuma taɓa faɗa wa wani likita ba. Na koma ɓangaren hagunsa na zauna. Na kawo irin robar da za a sa masa ta numfashi, na ba shi ya riƙe, ya jujjuya ta. Na gaya masa zai farka da ƙaiƙayi a maƙogwaro, kuma robar fitsari za ta sa ya ji kamar fitsari ya matse shi, kada ya yunƙura, da kansa yake fita. Na sa ya maimaita mini. Ya yi dariya ya ce rabon da a yi masa haka tun yana makarantar mishan.

Washegari na yi magana da likitan da zai yi aikin, muka shirya. Kafin ya gama ɗinki na ba da maganin ciwo don ya riga farkawar kama jiki, likitan kuma ya yi allurar kashe zafi a gefen yankan. Na rage iskar barcin sannu a hankali. Da numfashin Baba ya daidaita na zare robar numfashin, muka lulluɓe shi da bargo. A ɗakin farfaɗowa na roƙi abokan aikina su rage hira, na sa aka ba matarsa riga da hular tiyata, na tsayar da ita a hagunsa.

Can sai kafaɗunsa suka sandare. Hannunsa ya taso yana lalube, ya nufi cikinsa. Na riƙe hannun ba tare da na danne ba, na sunkuya kusa da kunnensa.

"Baba, an gama aiki. Kana asibiti. Lafiya lau."

Idanunsa a buɗe suke amma ba ya ganina, ya fara jan ƙafa. Na ga Hausar ba ta shiga, sai na ɗaga wa matarsa kai. Ta dafa goshinsa, ta fara yi masa magana da yarensu, ƙasa-ƙasa, yadda ake hira a tsakar gida. Na ji hannun da ke cikin nawa yana saki. Ya juyo da fuskarsa wajenta, ya yi dogon numfashi, ya lumshe ido.

Daga baya na tambaye ta me ta ce masa. Ta ce, "Na gaya masa an yi ruwa a Kakau, masara ta tsiro, awaki kuma suna ɗaure."

Da ya wartsake sosai ya kira ni da hannu, muryarsa a dishe.

"'Yata, na zagi wani?"

"Ko ɗaya, Baba. Sai dai minshari."

Ya dubi matarsa don ta tabbatar, ta gyaɗa kai. Ya daɗe yana kallon rufin ɗakin, sannan ya ce a ba shi ruwa. Na ce sai an jima, na jiƙa auduga na goga masa a leɓe.

Ranar sallama likita ya hana shi taɓa fartanya har sai an yi girbi. Nan aka yi doguwar muhawara, don Baba ya dage cewa cire ciyawa da hannu ba noma ba ne. Matarsa ta ɗauki jakarsu ta ce kada likita ya damu, fartanyar tana gidan ƙaninta a Romi, can kuma za a bar ta.