Binciken da 'Yata ta Fari ta Yi a Kaina

Shekarun baya, lokacin muna haya a Tudun Wada, babbar 'yata tana aji biyu na firamare, ta ɓullo da wasu halaye da suka ɗaure min kai. Ni kuwa Allah ya yi ni da bin diddigi, ko cokali ne ya ɓata a gida sai na san inda ya shiga.

Abin ya fara ne wata Asabar ina tsintar shinkafa a tsakar gida. Ta zo ta ɗora tafin hannunta a kan nawa, tana gwada yatsunmu ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Ke, lafiya?" Ta ce ba komai, ta tashi. Bayan kwana biyu ina ɗaura ɗankwali na hango ta ta madubi tana leƙen kunnena tana shafa nata. Wata rana kuma ta ce in yi dariya. Na yi, ta duba haƙorana da kyau kamar mai sayen akuya, ta wuce abinta.

Na gaya wa babansu da safe, yana fama da sa wa ƙaninta safa, ga mashin a kunne a ƙofar gida, zai sauke su makaranta ya wuce aiki unguwar Kongo. Ya ce, "Ƙila likita za ta zama. Miƙo min kwandon abincinsu." Iyakar gudummawarsa ke nan.

Maƙwabciyarmu ce ta warware min. Ibo ce mai shagon kayan masarufi a jikin gidanmu, 'yarta da tawa ajinsu ɗaya. Na je sayen sabulu da la'asar, yara suna Islamiyya, sai ta jawo min benci.

"Maman yara, zauna tukuna. Jiya yarinyarki ta tambaye ni inda ake hawa napep ɗin Kwangila."

A Kwangila ƙanwata take aure.

"Na ce me za ki yi a can? Ta ce wurin mamanta za ta je, ta ainihi. Wai ke riƙonta kawai kike yi."

Na yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, na koma gida ko sabulun ban ɗauka ba. Na zazzage jakar makarantarta. A shafin ƙarshe na littafin lissafi ta ja gida uku: nata, na ƙaninta, da na autarmu. A sama ta rubuta, "Wanda Mama ta kira sunansa." Gidajen ƙannenta sun cika da 'yan layuka har sun gangara gefe. Nata fari tas.

A ƙarƙashin katifarta kuma na tarar da albam ɗinmu na hotuna, ta sa tsinken tsintsiya a wurin hoton ranar sunanta. Ƙanwata ce riƙe da jaririya tana washe baki, ni ina can gefe na ja mayafi na kau da kai. A hotunan sunan ƙannenta kuwa ni ce rungume da su. Wallahi ko alƙali aka kai wa wannan hujja sai ya yi shiru.

Kuma gaskiyarta. Tunda na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba. Kunyar ɗan fari nake yi, yadda na taso na ga ana yi a gidanmu: uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane. "Ke" nake ce mata, in da baƙi in ce "yayarsu". Abin da ban lura da shi ba, mu a babban gida muka tashi, ga kaka, ga goggonni masu kiran sunanka suna shagwaɓa ka, kuma kana ganin sauran 'ya'yan fari ana yi musu haka. Ita kuwa mu biyar ne a ɗaki biyu, ta bayan katanga kuma tana jin maƙwabciyarmu tana ƙwala wa 'yarta kira tun kafin a karya kumallo.

Na buga wa mahaifiyata waya a Gyallesu na ba ta labari. Ta ce, "Ikon Allah, yaran zamani. Ki ƙyale ta, in ta girma za ta gane. Ke da aka yi miki, mutuwa kika yi?" Na ajiye wayar ina tuna cewa ni ma 'yar fari ce.

Ban ƙyale ta ba. Yarinyar da ta fara tambayar hanyar Kwangila ba ta jiran girma. Washegari na shiga kicin na rufo ƙofa, na dinga gwada faɗin sunan ina kallon tukunya. Ni da na raɗa mata shi a zuciyata tun tana ciki, sai ga harshena ya yi nauyi, har da waiwaye kada wani ya ji.

Da lokacin tashi ya yi na je makarantar da kaina. Bakin ƙofa ya cika da iyaye da masu mashin da masu sayar da awara. Na hango ta riƙe da hannun ƙaninta. Na kira sunan, ya fito ƙasa-ƙasa, ni kaina da ƙyar na ji. Na ƙara da ƙarfi. Ta juyo, ta duba dama, ta duba hagu, idonta ya bi ta kaina ya wuce, tana neman wanda ya kira ta. Wannan ne ya fi yi min ciwo. Sai a karo na uku ta tsaya a kaina, ta taho a hankali.

"Mama, ke ce kika kira ni?"

"Ni ce."

"Ashe kin san shi."

A cikin napep na yi mata bayani iyakar iyawata, na ce ni na haife ta, kunya ce kawai irin ta iyaye. Ta yi ɗan tunani ta ce, "To me ya sa in ana son mutum ake jin kunyarsa?" Har yau ina neman amsar wannan tambaya. Da na sake leƙa littafin bayan kwana biyu, na ga layi uku a gidanta, ta danna fensir sosai har ya kusa huda takardar.

Yanzu ta zama budurwa, kiran sunanta nake yi har ta ce, "Mama, ai na ji." Al'adar ban raina ta ba, na san akwai so a cikinta, sai dai yaro ba ya ganin abin da aka ɓoye masa. Mahaifiyata tana nan da ranta, ta tsufa, har yau "ke" take ce min. Duk ranar da na je Gyallesu ta ɗaga murya za ta kira wani daga ɗaki, sai in tsinci kaina na dakata da abin da nake yi, na kasa kunne.