Agolar Dogara Direba

Dogara direban tankar ruwa ne, ni nake riƙe masa tiyo. Mun daɗe a mota ɗaya, don haka abin da zan faɗa idona ne ya gani.

Ya auri Anjelina mai kunu a Angwan Iya bayan mijinta ya rasu ya bar ta da yarinya, Vera, mai ciwon sikila. Dogara bai taɓa haihuwa ba. Tun da suka tare, shi ke goya yarinyar zuwa asibiti. Har jininsa an ɗiba an ƙara mata.

Wata shekara aka ce a wurin aikinmu kowane ma'aikaci ya rubuta iyalinsa saboda haraji da inshorar lafiya. Dogara bai damu da harajin ba, katin asibiti yake so wa Vera. Mahfuz akawu ya turo masa takardar.

"Oga Dogara, agola ba ta shiga, 'ya'yan cikinka ake so. Ka sa Vera Dogara kawai. Wa zai zo Keffi gwada jini?"

"Ubanta fa?"

"Na kabari? Kotu zai kai ka?"

Ni ma na ce ya sa. Ya ƙi. A al'adarsu ɗa na gidan ubansa ne ko da uban ya mutu, ba a sauya masa suna sai dangi sun yarda. Ya sayi akuya, na raka shi ƙauye wajen Ruben, ƙanen marigayin. Ruben ya karɓi akuyar, ya yi dogon jawabi a kan zumunci, sannan ya ce, "Ɗan'uwa, uwar muka ba ka, ba 'yar ba. Magani kuwa bar mana, mu ne iyayenta."

Ko ƙwaya ɗaya ba mu gani ba.

Haka takarda ta koma ba sunan Vera. Dogara ya sayar da babur ɗinsa saboda kuɗin magani, daga baya fili ya bi. Ya daina cin abincin rana, wai azumi yake yi. Na san ƙarya ce, sai in raba nawa biyu in ajiye masa a kujera. Vera na ce masa Baba, shi kuma bai taɓa kiranta agola ba.

Da daminar da ta shiga sakandare ciwon ya tashi, bai sake ta ba.

Ruben ya zo da motar haya ya ɗauki gawar zuwa ƙauye. A coci fasto ya ce uban yarinya ya miƙe. Ruben ya miƙe cikin sabuwar riga, ya yi magana har mata suka yi kuka. Dogara na waje, cikin rami, yana kwashe ruwan sama da bokiti don kada akwatin ya jiƙe.

Ran Litinin ya nemi hutun makoki. Aka duba fayil aka ce ba shi da 'ya. Ya fito ya hau tanka, ya sa makulli, amma hannunsa ya kasa juya shi. Na ce, "Matsa, Oga." Ni na tuƙa, ni na riƙe tiyo, har muka tashi daga aiki.